Mara lafiyar da wani ke amsa mata tambaya

Ma'aikaciyar jinya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a bakin aiki game da safarar mutane. Ni dai an taɓa kawo mini wata yarinya 'yar aikatau da ba ta wuce shekara 12 ba, da ƙunar ruwan zafi a gadon bayanta wadda har ta fara wari. Duk abin da na tambaye ta, matar da ta rako ta ce ke amsawa, ita kuwa kanta na sunkuye. Na wanke ciwon, na ɗaure, na sallame su. Sai da aka ba mu horo daga baya na gane cewa da wuya mutum ya ƙona kansa a wannan wuri, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Ungozoma, Sakkwato:
Wa alaikumus salam Sista. Abin da ya fi yi mini amfani a horonmu shi ne dabarar raba mara lafiya da mai rakiya cikin ruwan sanyi. Nakan ce ƙa'idar ɗakin awo ce mai ciki ta shiga ita kaɗai, sannan in tambaye ta a hankali wa ke riƙe da wayarta, wa ke karɓar kuɗin aikinta, ko ana bin ta bashin kuɗin mota. Wata ta yi shiru har na fid da rai, sai da nake naɗe abin awon jini ta ce dillaliya ce ke karɓe albashinta tun zuwanta.

Jami'in lafiya, Damagaram:
A wajenmu tafiya bara Aljeriya ce matsalar. Mutanen Kantche, wani gari a jihar Damagaram ta Nijar, ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, yawancinsu mata da yara. Idan mace ta kawo yaro ta kasa faɗin lokacin da aka yaye shi ko rigakafin da aka yi masa, nakan ƙara bincike, domin akwai masu karɓar 'ya'yan wasu su tafi da su.

Likita, Kaduna:
Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a Najeriya tana nan tun 2003, an kuma sabunta dokarta a 2015, amma a inda nake aiki manya kaɗai aka tura horon, aka bar mai yankan kati da mai gadi, alhali su ne ke fara ganin wanda ya shigo da wa. Ina kuma jan kunnenmu kada a tunkari mai rakiya da zargi, domin na taɓa yin haka, mutumin ya ja yarinyar suka fice ko magani ba su karɓa ba.