Rashin haihuwa daga ɓangaren miji: abin da kowannenmu ya gani

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida muka yi da iyalina babu ko ɓatan wata, kuma a tsawon wannan lokaci ita kaɗai ce take shan saiƙo da rubutu, ita ce take zaryar asibiti, ita ce take haɗiye gorin dangina a gidan suna. Ban taɓa kawo wa raina cewa matsalar tawa ce ba, domin a ganina namijin da yake biya wa iyalinsa buƙata ba shi da wata lalura. Har an fara yi mini maganar ƙarin aure, sai likitar da take duba ta ta ce ba za ta sake rubuta magani ba sai ta ga gwajin maniyyina. Na ƙaurace wa iyali kwana 3 kamar yadda aka umarce ni, na karɓi 'yar robar da aka ba ni ina ɓoye ta a aljihun kaftani don kunya. Sakamakon ya nuna ƙwayoyin haihuwa miliyan 4 a kowace mililita, alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya fara ne daga miliyan 16. An maimaita gwajin bayan wata 3, saboda ƙwayar takan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ta haɗu, sannan likitan mafitsara ya gano jijiyoyin jini sun kumbura a maraina na hagu, suna tara zafin da yake lalata ƙwayoyin. An yi mini tiyata, bayan an gaya mini a fili cewa ba kowa ne yake dacewa ba. Yau 'yarmu tana rarrafe, kuma har gobe nauyin waɗannan shekaru shida da na bar baiwar Allah tana ɗauka bai sauka daga zuciyata ba. Ina roƙon duk wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗi abin da ya gani.

Direban babbar mota, Kawo:
Malam, Allah ya raya ta. Ni nawa ya fi naka tsanani, domin ba a ga ko ƙwaya ɗaya a maniyyina ba. Ina saurayi na kamu da ciwon sanyi, na sayi kafso a kemis, na daina sha da zarar zafin fitsarin ya lafa, ashe ciwon ya toshe hanyar da ƙwayoyin suke bi. Likita ya ce marainan suna aikinsu, kuma ana iya zuƙo ƙwayar da allura a sanya ta cikin ƙwan matata a ɗakin gwaji, sannan a mayar mahaifarta. Na tambayi malaminmu, ya ce babu laifi matuƙar daga miji da matarsa aka ɗauka, kuma auren yana nan. Kuɗin ne ya fi ƙarfina a yanzu, amma na shiga adashi dominsa.

Magidanci, Barnawa:
Ni da hannuna na jawo wa kaina. Wani abokin ɗaga ƙarfe ya haɗa ni da allurar testostiron, wato sinadarin namiji da maraina suke samarwa, na yi wata tara ina yi, jiki ya murɗe, sha'awa ta ƙaru, na ɗauka lafiya ce ta samu. Abin da ban sani ba shi ne idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa maraina saƙon haɗa ƙwayoyi. Na daina bisa kulawar likita, kuma sai da aka kusan shekara kafin adadin ya farfaɗo. Tun daga nan nake tsoron maganin maza da ake tallarsa da lasifika a tasha, tunda mai sayarwar ba zai iya faɗa maka abin da aka zuba a ciki ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Malali:
Abin da nake gani kullum shi ne magidanci ya karaya saboda gwaji ɗaya, alhali zazzaɓi mai zafi da aka yi wata biyu baya yana iya rage adadin. A ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a kawo maniyyin cikin awa ɗaya, a riƙe robar kusa da jiki don kada ya yi sanyi, kuma kada a tara shi a kwaroron roba. Takardar sakamakon kuma likitan mafitsara za a kai wa, kamar waɗanda suke asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, domin ana duba motsin ƙwayoyin da siffarsu, ba yawansu kaɗai ba.

Matar aure, Rigasa:
Ni ce ta uku a wurin maigidana, biyun farko ya sake su, kuma kowacce ta haihu a gidan da ta koma. Mahaifiyarsa ta taɓa gaya mini cewa ya yi hangum yana ɗan shekara 19, har gabansa ya kumbura ya kwanta mako biyu. Na ji cewa hangum bayan balaga yana iya taɓa maraina, amma duk ranar da na ambaci asibiti sai ya fita bai ci tuwo ba. Ta yaya zan ɓullo masa?

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Hajiya, na san wannan fita ba a ci tuwo ba, domin ni ma na yi ta, kuma tsoro ne yake sa ta. Kada ki kawo masa zancen matan da ya saka. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana a keɓe, a ce ku je a duba ku tare. Idan hangum ɗin gefe ɗaya ya taɓa, sau da yawa ɗayan yana wadatarwa, kuma gwajin ne kaɗai zai nuna.

Matar aure, Rigasa:
Na gode, Malam. Yana da yaya a Unguwar Sarki wanda ba ya ƙetare maganarsa. Zan je wajen matar yayan ranar Asabar in fara da ita.