Wanda ya taɓa tayar da tsohon injin zarto mai taya biyu ya zo ya ba mu labari

Mai-Shagon-Zaure: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon injin zarto, irin mai taya sama da ƙasa wanda zarton ke zagaye su kamar bel, a hannun 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa. Startrite 352 ne, ƙirar Ingila, taya inci 14. Teburin ya yi tsatsa, robar tayoyin ta farfashe, moton kuma na wuta mai layi uku ne, ni ko layi ɗaya nake da shi a gida. A zaurena nake son kafa shi don ƙananan ayyuka, kujeru da kantoci. Duk wanda ya taɓa gyara irinsa, ta ina ya fara?

Baba Kafinta, Zariya: Wa alaikumus salam, yarona. Kada ka kashe ko sisi a kan moto tukuna. Cire zarton, cire bel, ka juya kowace taya da hannu ka saurara. In ka ji gurnani ko ka kama bakin tayar ka girgiza ta yi wasa, boris ya mutu. Wannan ba abin damuwa ba ne, lambarsa na rubuce a jikinsa, ka kai wa masu sayar da boris su ba ka irinsa. Abin da ke kashe inji shi ne taya mai lanƙwasa ko tsagewa a ƙarƙashin teburi, wurin da yake juyawa. Nawa Wadkin ne, na Lesta ta Ingila, jikinsa duk ƙarfen zubi, ƙarti shida suka sauke shi daga mota. Wani mai walda ya taɓa ɗinke mini tsagar ƙarƙashin teburin da waldar wuta ba tare da ya gasa ƙarfen ba, kafin ya huce ya sake darewa a gefen ɗinkin. Ƙarfen zubi ba ya son gaggawa. Da tagulla aka like shi daga baya, a Panteka ta Kaduna, har yau yana nan.

Ɗan Na'ibawa: Maganar Baba haka take. Ni dai roba ce ta wahalar da ni, kuma ina ganin ita ce rabin aikin. Mutane na ɗauka an sa ta ne don kada haƙoran zarto su ci ƙarfe kawai. Akwai wani amfanin: tsakiyarta ta ɗan fi gefenta tudu, wannan ɗan tudun ne ke jawo zarto ya zauna a tsakiya. In robar ta baje, ko ka kwana kana murɗa notin saitin baya, zarton zai riƙa zamewa. Na kankare tsohuwar da kurfi, na goge tsohon gam da fetur, na yanko tiyub ɗin babbar mota a zagaye ba tare da haɗi ba, na like da solushan na masu faci. Da ya bushe sai aka riƙa juya mini tayar ina kara samfefa a hankali har tudun ya fito.

Injiniya Sabon Gari: Ɗan'uwa, tiyub na yin aiki, amma kaurinsa ba ɗaya ba ne ko'ina, shi ya sa injin wasu ke rawa. Zafin Afrilu kuma na sassauta solushan. Wanda ke da hali ya yi odar robar da aka yi don tayar inci 14, ya huta.

Moto kuwa, hanya uku ce. Masu naɗin kwail za su ce su sa maka kafasita ya tashi da layi ɗaya. Zai tashi, amma ƙarfinsa zai ragu sosai, ka tura madaci mai kauri ya tsaya yana kuka. Hanya ta biyu ita ce inbata mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, sai dai ka fara karanta farantin jikin moton: in an rubuta ƙarfin wuta 220 ko 240 tare da 380 ko 415, za a iya sauya haɗin wayoyinsa ya karɓa, in 415 kaɗai aka rubuta, sai an buɗe cikinsa. Ni na bi ta uku, na sa moto mai layi ɗaya, doki ɗaya da rabi. A nan a kula da gudu. Zarton katako yana son kamar mita 15 a daƙiƙa. Zagayen tayar inci 14 ya ɗan haura mita ɗaya, wato tana bukatar juyi wajen 800 a minti. Moto mai juyi 1400 da fuli (garen da bel ke hawa) ƙarami a jikinsa, babba a taya, ya daidaita. Na ga wanda ya ɗaura moton famfon ruwa mai juyi 2800 a kan fulin asali, zarton na ƙona katako yana tsinkewa.

Mai-Shagon-Zaure: Injiniya, ƙaramin janareta zai ja shi?

Injiniya Sabon Gari: Lokacin tashi moto na zuƙar wuta ninkin abin da yake ci yana gudu sau da yawa. Irin ƙaramin na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauka ba.

Kafintan Yamai: Gaisuwa daga Nijar. Nawa Delta ne inci 14, na Amurka, a kasuwar Katako na same shi cikin kayan gwanjo. Wutarsu 110 ce, tamu 220, amma na yi sa'a moton mai karɓar duka biyun ne, wayoyi kawai aka sauya. Gudunsa ya ɗan ragu don wutarsu ta fi tamu saurin bugawa, 60 ce a kan 50, ban ga illar hakan a aiki ba. Ƙarafan da ke riƙe zarto ta gefe sun ɓace, sai na sassaƙa wasu da madobiya na jiƙa su a baƙin mai. Ba sa dakushe haƙori ko sun taɓa shi. Saitinsu: su tsaya bayan gindin haƙoran kaɗan, tsakaninsu da zarto kaurin takarda, boris na baya kuma kada ya taɓa zarto sai an tura katako. Na ƙarƙashin teburi ma haka, su ne ake mantawa da su.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Ni ba kafinta ba ce, amma injin shagona da kuɗina aka gyara, na kuma zauna na ga yadda aka yi. Tsatsar teburi kananzir da samfefa mai laushi suka cire ta, aka goga kakin kyandir, katako na sulɓi a kai. Fenti ban bari an yi ba sai da inji ya yanka katako daidai. Abin da na hana yarana shi ne aiki babu murfin tayoyi. Injin ya zo babu na sama, suka ce ba komai. Na sa aka yi shi da filawud. Ranar da zarto ya tsinke, a cikin murfin ya nannaɗe, yaron na tsaye fuskarsa daidai wurin.

Baba Kafinta, Zariya: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Tunda an zo kan tsinkewa: yawanci a wurin haɗi yake tsinkewa, saboda masu haɗawa ba sa mayar da wurin wuta kaɗan bayan walda don ya yi laushi, sai ya zama kamar gilas. Ka lanƙwasa haɗin a gabansu kafin ka biya. Ka nemi zarto mai haƙori uku ko huɗu a inci don katako mai kauri; mai ƙananan haƙora dusa ke cika shi, ya yi zafi ya karkace. In an tashi aiki a sassauta sifirin da ke ɗaure zarton, kada zarto ya kwana a ɗaure yana danne roba wuri ɗaya.

Mai-Shagon-Zaure: Na gode, Baba, na gode kowa. Na juya tayoyin yanzu: ta sama shiru, ta ƙasa na gurnani. Farantin moton 415 kaɗai ya nuna, don haka zan nemi mai layi ɗaya. Injiniya, fuli inci nawa ka sa a jikin naka?

Injiniya Sabon Gari: Inci huɗu a moto, bakwai a taya. Auna na tayarka kafin ka je kasuwa, ka tafi da tsohon fulin saboda ramin shaf.