Dokar 11 ta jefa ni a rami a wasan kati na birij, ina mafita?

Jama'a, a taimaka. Muna tsaron 3NT (abokan hamayya sun ɗauki kwantiragin cin zagaye tara ba tare da wani nau'in kati mai rinjaye ba), kira (cinikin kwantiragi kafin a fara wasa) bai wuce 1NT da 3NT ba. Abokin wasana ya fara da 7 na sifed. Hannun da aka baje a tebur yana da K 5 2, ni kuma ina riƙe da A J 9 3.

Mun yi alkawari yana fitowa da kati na huɗu mafi girma. Sai na bi Dokar 11, wadda ke nuna yawan katunan da suka fi nasa a sauran hannaye uku: na cire 7 daga 11, saura 4, ga su kuwa duk ina gani: K, A, J, 9. Ke nan mai kwantiragi (abokin hamayyar da ba na ganin hannunsa) ba shi da abin da ya fi 7. Da tebur ya sa 2, na jefa 3 hankali kwance.

Ashe daga 7 6 4 ya fito! Mai kwantiragi ya cinye da 8, Q da 10 na hannunsa.

Wani karon a irin wannan hali na sa 9, ranar kuwa Q 10 8 7 ne a hannun abokin wasana, K ɗin tebur ya tsira a banza.

Idan kira bai nuna komai ba, ta yaya zan bambance na huɗu da kan tarkace (mafi girma cikin ƙananan katuna marasa daraja, kamar 7 daga 7 6 4) kafin in sa kati?