Raƙumina ya ƙi gurfana, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shanun huɗar da Baba ya bari na sayar, bayan doguwar gardama da yayana, mai cewa gidanmu tun kaka da kakanni ba a san shi da raƙumi ba. Har inna sai da ta sa baki. Na je Maigatari ranar Alhamis na sayo raƙumi don huɗa da dakon taki. Yana bin akala lafiya lau, gurfana ce ta gagara. A kasuwa dillali wani ɗan sauti ya yi, nan take ya durƙusa. A gida kuwa in na ja akala ƙasa sai ya ɗaga kai yana gunji, jiya har tuƙa ya feso min. Damina ta matso, taki na jibge, yayana sai kallo da murmushi. Yaya zan yi?

Dattijo mai amale: Wa'alaikumus salam. Yaro, saurara. Kai shi kan rairayi da sassafe. Naɗe ƙafar gaba ɗaya ka ɗaure, ka ja akala ƙasa, kana ɗan taɓa gwiwar ɗayar da sanda, kana maimaita sauti guda, kar ka canza shi. Gaba yake fara durƙusawa, sai baya, sannan ya dire kan kantar ƙirjinsa. Sai ya zauna daram za ka sassauta igiya. Ka sassauta a rabin hanya, ka koya masa gardama ke nan.

Wata mai kiwo daga Tawa: Baba, a yi haƙuri, ban da ɗauri. Raƙumi na da riƙo, wanda ya wulaƙanta shi ba ya mantawa. Ƙanena, riƙe dusa da 'yar kanwa ƙasa-ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya sunkuya ka ba shi, a hankali zai kai ƙasa. Shekarunsa nawa? An dandaƙe shi? Ka duba gwiwa da ƙirji, in da ciwo ko ƙasar gidanku tsakuwa ce, ba zai yarda ba.

Dattijo mai amale: Dusa! Kafin dusa ta gurfanar da shi an yi girbi.

Wani manomi: Ni dillalai ne ba na ga-maciji da su. Taguwa aka sayar min wai tana da ciki, wata 13 raƙuma ke ɗauka, na jira har na gaji, ashe ƙoshi ne. Na koma, mutumin ya ce bai taɓa ganina ba. Allah ya isa.

Wani daga Illela: Nemi Buzu ka biya shi ya koya maka sautin da ya saba ji. Raƙumin ya iya, kai ne ba ka iya ba.

Mai tambaya: Haba malam, tun ina yaro nake juya shanu, ba dabba ce ta fi ƙarfina ba. Kuɗin Buzu kuma babu, duk sun tafi a sayen. Yaya ta Tawa, ciwo ba na jin yana da shi, sai dai ba ya bari in leƙa ƙirjin. Ɗauri kuwa ni kaɗai ne, yayana ba zai kama min ba.

Dattijo mai amale: To ka ɗaure shi a jikin bishiya tukuna. Na faɗa maka.

Wata mai kiwo daga Tawa: Har yanzu ba ka faɗi shekarunsa ba.