Taƙaitawa: famasi masu rassa ko kemis ɗin unguwa?

Jama'a hirar nan kan inda ya fi dacewa a sayi magani ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Tarihi: an ce manyan famasi masu rassan nan daga Legas suka faro, MedPlus a 1993, HealthPlus a 1999, kuma duk biyun mata ne masu ilimin haɗa magani suka kafa su. Mutanen Abuja kuwa H-Medix suka fi ambato.

2. Ba magani kaɗai suke sayarwa ba, akwai awon hawan jini da na suga, kayan jarirai, har mayukan shafawa.

3. Inda aka haɗu: a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in maganin zazzaɓin cizon sauro ne mai ɗan kati a kankare a tura lambar ta tes don tabbatar ba jabu ba ne. Insulin kuma lallai daga firji za a ciro maka, wannan kam masu ciwon suga sun nanata shi sosai saboda wutar NEPA.

4. Inda aka rabu shi ne kuɗi. Wasu sun ce tsadar ta yi yawa, har kuɗin AC da janareta kake biya, mai kemis kuwa ya san ka, zai yanko maka ƙwaya huɗu ya ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. Wasu suka ce ai wannan yankan ne matsalar, musamman antibayotik da ba a shanyewa. Ni dai na fi karkata nan gaskiya.

5. Allura da ƙarin ruwa: mafi yawa sun ce asibiti.