Shari'ar laimar kwaɗi a Ostiraliya: kotu tana duba fuska da halin wanda ake tuhuma?

Bakatsiniya:

Assalamu alaikum. Barista, Dakta da sauran masana, ina da tambaya kan shari'ar Erin Patterson, matar nan ta jihar Victoria a Ostiraliya da aka samu da laifin kashe surukanta biyu, Don da Gail Patterson, da ƙanwar surukarta Heather Wilkinson, da laimar kwaɗi mai guba a abincin da ta ba su ranar 29 ga Yuli 2023. Tun kafin kotu ta zauna jama'a sun gama yanke nasu hukuncin. Wasu sun ce kukan da ta yi a gaban 'yan jarida babu hawaye a cikinsa, wasu sun ce fuskarta ba ta nuna alhini, wasu kuma suka riƙe saƙonninta na Facebook inda take aibata dangin mijinta. Mu dai mun taso muna jin labarin zuciya a tambayi fuska. Shin kotu tana aiki da irin wannan? Kuma tunda ita da bakinta ta amsa cewa ta yi ƙarya, ba shi ke nan ba?

Barista Ɗan Zazzau:

Wa alaikumus salam, Hajiya. A'a, ba shi ke nan ba. Ba a gurfanar da ita kan ƙarya ba, kan kisa aka gurfanar da ita, kuma lauyanta Colin Mandy ya tsaya a kan wannan sosai. A dokar Victoria sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu huɗu: ita ta jawo mutuwar, ta aikata da saninta da zaɓinta, ta yi nufin kisa ko mummunan rauni, kuma babu uzurin da doka ta yarda da shi. Na farko ba a yi jayayya a kansa ba, don ta yarda gubar tana cikin girkinta. Duk zaman da aka yi a garin Morwell daga ƙarshen Afrilu zuwa 7 ga Yuli 2025 a kan ganganci da niyya aka yi shi.

Ƙarya tana shiga shari'a ta ƙofa biyu, kuma nan ne masu sharhi ke cakuɗa lamarin. Ta farko ita ce ta gaskata magana: idan mutum ya yi ƙarya a wuri ɗaya, masu yanke hukunci suna da damar rage yarda da sauran maganarsa. Iyakarta ke nan. Ko sun watsar da duk abin da ta faɗa, nauyin hujja yana nan a wuyan mai ƙara. Ta biyu ta fi nauyi, wato a ɗauki ƙaryar a matsayin alamar mutum ya san ya yi laifin. Wannan tana da sharuɗɗa, waɗanda kotunan Ingila suka shimfiɗa a shari'ar Lucas ta 1981, babbar kotun Ostiraliya ta bi a shari'ar Edwards ta 1993, Victoria kuma ta tsara su a dokarta ta 2015 kan umarnin da alƙali ke ba juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a su yanke ko akwai laifi. Dole ƙaryar ta zama da gangan, ba mantuwa ko ruɗewa ba. Dole ta shafi wani muhimmin abu a tuhumar. Sannan dole ya zama babu wani bayani mai ma'ana da zai sa a yi ta sai sanin laifi. Alƙali kuma wajibi ne ya tunatar da juri cewa marar laifi ma yana ƙarya, saboda tsoro, ko kunya, ko kare wani.

To a auna nata da wannan. Ta shaida wa baƙin a kan tebur cewa tana da ciwon daji, alhali babu. A kotu ta ce kunya ce ta sa, wai tiyatar rage ƙiba take shirin yi. Da a nan abin ya tsaya, ana iya cewa halin mutum ne kawai. Amma mai gabatar da ƙara, Nanette Rogers, ta ce da wannan ƙaryar aka tara mutanen kuma aka samu dalilin fitar da yara daga gidan, sannan aka nuna cewa asibitin da ta ambata ba ya yin irin tiyatar da ta faɗa. Ta ce wa 'yan sanda ba ta da na'urar busar da abinci, sai ga hoton kyamara yana nuna ta tana jefar da ita a jujin Koonwarra ranar 2 ga Agusta, lokacin baƙin suna kwance rai a hannun Allah. An ɗauko na'urar, an samu zanen yatsunta da ɓurɓushin laimar mai guba. Ta ce ba ta taɓa tsintar laimar kwaɗi a daji ba, daga baya ta amsa tana yi. Wayar da ta miƙa an goge ta fiye da sau ɗaya, wayar da aka fi saninta da ita kuma ba a same ta ba.

Ita ta ce firgita ce, tana tsoron a ɗora mata laifi a raba ta da 'ya'yanta. Wannan bayani ne da doka ta yarda a saurara. Matsalarsa ita ce lokaci. Firgita tana iya bayyana abin da aka yi bayan cin abincin, ba ta bayyana abin da ya gabace shi. An sayi na'urar ranar 28 ga Afrilu 2023, kwana 10 bayan wata ta wallafa a shafin iNaturalist, inda mutane ke sa hotunan tsirrai da dabbobin da suka gani, cewa ta ga wannan laimar a garin Loch, kuma bayanan turakun waya sun nuna yiwuwar wayarta ta je yankin a ranar. Haka aka sake gani da wani yankin, Outtrim, a watan Mayu. Na ce yiwuwa, don turken waya yanki yake nunawa, ba ya nuna gindin bishiyar da mutum ya tsaya, kuma lauyoyinta sun matsa a nan. Ga kuma shaidar Ian Wilkinson, mijin Heather, wanda shi kaɗai ya rayu cikin baƙin huɗu, cewa su an zuba musu a farantai masu launin toka, ita nata ƙarami ne mai wani launi daban.

Saƙonnin Facebook kuwa, an karanta su a kotu, amma masu ƙara ba su ma kafa dalilin kisan ba, kuma doka ba ta tilasta musu. Mace ta yi ƙorafin surukai a cikin ƙawayenta ba baƙon abu ba ne a ko'ina.

Dakta Mai Hanta:

Barista ya gama da ɓangaren doka. Bari in ƙara abin da ya sa jikinta ya fi fuskarta magana a wannan shari'a.

Laimar ita ce Amanita phalloides, gubarta kuma amatoksin. Tana hana ƙwayoyin hanta ƙera sinadaran da suke rayuwa da su, sai su mutu a hankali. Dafuwa ba ta kashe ta, busarwa da daskarewa ma haka. Kimanin miligiram 0.1 a kowane kilo na nauyin mutum ya isa kisa, shi ya sa rabin laima ɗaya kan iya halaka babba. Tafiyarta mataki-mataki ce. Awa 6 zuwa 24 na farko mutum lafiya lau. Sai amai da gudawa mai tsanani kamar kwalara. Sai a rana ta biyu zuwa ta uku ya ji sauƙi, a nan ne ake kuskuren sallamar marar lafiya, alhali awon jini yana nuna hanta tana lalacewa. Daga rana ta uku zuwa ta biyar idanu su yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya gushe, ƙoda ta biyo baya. Gail da Heather sun rasu ranar 4 ga Agusta, Don ranar 5, daidai da wannan tsari. Magani shi ne ƙarin ruwa, garin gawayi na asibiti, magungunan kare hanta silibinin da asetilsistin, in ya ƙi sai dashen hanta.

Erin ta ce ta ci abinci ɗaya da su. Abincin nama ne da aka haɗa da laimar aka nannaɗe ɗaiɗai, kowa da nasa, ba babba ɗaya da ake yankawa ba, saboda haka ana iya sa wa wannan a bar wancan. Ta je asibitin Leongatha ranar 31 ga Yuli tana cewa gudawa take yi, ta fita cikin 'yan mintuna duk da likitoci sun hana ta, ta dawo daga baya, aka kai ta Melbourne, kuma awon hantarta bai nuna irin ɓarnar da aka gani a sauran ba. Bayaninta shi ne ta ci kaɗan, ta cika ciki da kek bayan baƙi sun tafi, ta yi amai. A likitance amai yana rage guba idan an yi shi da wuri, kuma gaskiya ne mutane sun bambanta gwargwadon abin da suka ci da nauyinsu da shekarunsu. Amma hanji yana tsotse amatoksin da sauri, aman da aka yi bayan sa'o'i ba ya wanke shi duka. Haka zancen cewa ta ba yara ragowar naman washegari bayan ta kankare laimar: gubar tana narkewa a ruwa, tana shiga romon nama, kankarewa ba abin dogaro ba ne. Yaran kuwa ba su kamu ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Ni a kan maganar fuska zan tsaya, Hajiya, don Ostiraliya ta taɓa ƙonewa da ita. A 1980 Lindy Chamberlain ta ce karen daji ya ɗauke jaririyarta Azaria a kusa da dutsen Uluru. Jama'a suka ce ba ta yi kuka yadda uwa ke yi ba, suka tsinci aibu a suturarta da addininta. An ɗaure ta a 1982. A 1986 aka tsinci rigar sanyin jaririyar a wurin, aka sake ta, aka soke hukuncin a 1988, sai a 2012 mai binciken mutuwa ya tabbatar karen ne. Kathleen Folbigg ma an ɗaure ta a 2003 kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, an dogara sosai da abin da ta rubuta a littafin sirrinta cikin baƙin ciki, ta yi shekara 20 kafin binciken ƙwayoyin gado ya sa aka yafe mata aka kuma soke hukuncin a 2023.

Masu bincike Bond da DePaulo sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2006 kan gane maƙaryaci ta kallo da sauraro, suka samu mutane suna dacewa kashi 54 cikin 100. Jefa kwabo yana ba da 50. Kawar da ido, rawar murya, bushewar hawaye, duk tsoro yana kawo su ga mai laifi da marar laifi. Ban ce Erin ba ta da laifi ba, juri sun same ta da shi, alƙali Christopher Beale ya yanke mata ɗaurin rai da rai a Satumba 2025, ba za ta nemi a sake ta bisa sharaɗi ba sai bayan shekara 33. Cewa nake masu karanta fuska sun dace ne a nan, kamar yadda suka kuskure a kan Lindy, da hanya iri ɗaya.

Inda na ɗan saɓa da Barista shi ne, kwana 8 Erin ta yi a akwatin shaida, kuma juri mutane ne. Da wuya a ce yadda take amsa tambayar ƙure bai taɓa su ba. Shi ya sa kotu ke toshe abin da za ta iya toshewa: an janye tuhumar yunƙurin kashe mijinta Simon kafin a fara, juri ba su ji hujjojin wannan ba, an sallami mutum ɗaya daga cikinsu bisa zargin ya tattauna shari'ar a waje, kuma an killace su lokacin shawara.

Bakatsiniya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Barista, a nan gida fa? Kusan duk shekara sai mun ji an ce amarya ta sa wa ango shinkafar ɓera, kafin a kai ta kotu an gama yaɗa hotonta.

Barista Ɗan Zazzau:

A Najeriya babu juri, alƙali ne ke auna hujja kuma dole ya rubuta dalilinsa. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai ƙara tabbatarwa har sai babu kokwanto mai ma'ana. Sashe na 82 ya hana kawo mugun halin wanda ake tuhuma, sai in halin ne ake shari'a a kansa ko shi ya fara kawo shaidar cewa mutumin kirki ne. Saboda haka "dama ba ta son auren" ko "maƙwabta sun san ta da zafin rai" ba sa tabbatar da kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa. Furucin amsa laifi ma, in ta ce da duka ko barazana aka karɓa, sai an yi ƙaramar shari'a a kansa kafin a karɓe shi.

Dakta Mai Hanta:

Kuma a nan shari'un namu ke rushewa, Barista. An yi jana'iza a ranar, an wanke tukunya, an zubar da ragowar tuwo, babu abin da zai nuna guba ce ta kashe shi ba kwalara ko lalataccen abinci ba. In ana zargi, a ajiye ragowar abincin da aman marar lafiya, kowanne a tsaftataccen mazubi mai murfi, a rubuta rana da lokaci da wanda ya ɗauka, a sa a firji, a miƙa wa 'yan sanda da sa hannu. A asibiti a nemi a ɗebi jini da fitsari tun zuwan farko. Maganin ɓera mai fosfaid iska yake saki a ciki, tana bajewa da sauri, in mazubin a buɗe yake gwaji na iya fitowa babu komai. Fiya-fiya kuma ana gane ta da ƙanƙancewar ƙwayar ido da dalalar miyau da gumi, a tabbatar da awon kolinestares a jini, wato sinadarin jiki da gubar ke danne aikinsa, wanda ya fi inganci in an ɗiba kafin a fara ba da maganin karya gubar.