Neman kalmar Hausa: me za mu kira "chronic"?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Likitoci da malaman harshe, a taimaka mana. A takardun wayar da kai ana yawan mayar da "chronic" zuwa "mai tsanani". Daidai ne kuwa?

Likita: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskure ne. Tsawon lokaci kalmar take aunawa, ba zafin ciwo ba, kuma kowace cuta da nata ma'aunin. Ciwon ƙoda sai lalacewar ta haura wata 3 kafin a kira shi "chronic". Ciwon hanta nau'in B sai gwajin jini ya ci gaba da nuna ƙwayar bayan wata 6. Tarin babban mutum sai ya wuce mako 8, zawo mako 4. Mai hawan jini yakan shekara ko ciwon kai bai yi ba, amma yana cikin wannan aji. Kwalara kuwa tana kisa cikin sa'o'i, amma ba ta cikin ajin.

Ma'aikaciyar jinya: Ga inda ɓarnar take, Likita. Mai ciwon suga ya karanta "mai tsanani", ya ga yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, sai ya ce nasa bai kai can ba, ya ajiye magani. Me zai hana mu ce "mutu-ka-raba"?

Likita: Sista, ta yi nauyi. Ciwon hanta nau'in C yana cikin ajin, ga shi ana warkewa da maganin sha na mako 8 zuwa 12. Wanda aka gaya wa "mutu-ka-raba" kuma zai ɗauka ciwon ajali ne.

Malamin Hausa: Bari in tace waɗanda ake ji a baki. "Daɗaɗɗen ciwo" baya kawai take duba. Jaririn da aka gano wa sikila yau ba a ce ciwonsa daɗaɗɗe ne ba. "Doguwar jinya" tana kawo hoton kwanciya, alhali yawancinsu da ƙafarsu suke yawo. "Ya yi kanta" akwai zargin sakaci a ciki. "Mai naci" tana da daɗi, ta dace da tari ko gyambo, sai dai kunne ba ya karɓar "ciwon ƙoda mai naci". Ni "mai daɗewa" na zaɓa, don tana faɗin halin ciwon ne, ko jiya aka gano shi.

Mai harhaɗa magunguna: Na yarda, Malam. Amma a takardar majiyyaci a riƙa ƙara jimla guda: "ko ka ji sauƙi kada ka daina shan magani sai likita ya ce". Kalmar ita kaɗai ba ta isar da wannan.

Mai fassara: To an tsaya a kan "mai daɗewa". Kishiyarta, wato "acute", mu ce "na farat ɗaya". "Mai tsanani" kuma a bar wa "severe".

Likita: Haka ne. In ciwon ya haɗa biyun sai a jera su: ciwon ƙoda mai daɗewa da ya yi tsanani.